Babur ɗin da ya ci duniya sau uku, mahaya suka ce mummuna ne

A fadarmu ta unguwa, nan Maraɗi, mun kwashe mako guda ana gardama a kan moton wani ƙanenmu. Yaron ya yi shekara biyu yana kabu-kabu da moton wani, yana tara ƴan kuɗinsa. Ranar da ya tashi sayen nasa, sai ya tsallake irin waɗanda kowa ya sani, ya ɗauko wani ja mai rigar roba da hanci kamar bakin shaho, irin waɗanda aka kwaikwayi siffar baburan tsere. Fada ta rabu biyu. Wasu suka ce ya iya sayayya, duk inda ya tsaya sai an waiwayo. Makaniken da ke cikinmu ya zagaya shi sau ɗaya, ya kasa kunne ga injin, ya ce cc 150 ne aka sa ma babbar riga, kuma ranar da robar nan ta fashe sai an aika Kano kafin a samu irinta. Aka sha shayi na fari, na biyu, na uku, ba wanda ya ja da baya.

Ni malamin makaranta ne, moton da nake zuwa aiki da shi bai da wani kyan da za a yi gardama a kansa. Amma tun ina makarantar horon malamai nake da cutar karanta tsofaffin mujallun babura na Faransanci, waɗanda ake zubewa a bakin kasuwa, kuma gardamar nan ta tuno mini da wata irinta da aka yi a Turai sama da shekara 20 da suka wuce. Waccan ba ta tsaya a bakin tukunyar shayi ba. Ta tilasta ma wani babban kamfani ya janye babur ɗin da ke ci masa kofin duniya, ta kuma ɓata sunan mutumin da ya zana shi na tsawon shekaru. Sunan babur ɗin Ducati 999.

Ducati kamfani ne na birnin Bologna, a arewacin Italiya. An kafa shi a 1926, kuma kayan rediyo yake yi a lokacin. A yaƙin duniya na biyu aka yi ma masana'antar ruwan bama-bamai, sai a 1946 suka fara ƙera wani ɗan inji mai cc 48 da ake ɗaura ma keke. Sunansa Cucciolo, wato ɗan kwikwiyo, saboda ƙararsa kamar haushin ƙaramin kare. A 1954 wani injiniya mai suna Fabio Taglioni ya shigo kamfanin, kuma shi ya kawo abin da har yau ake sanin injin Ducati da shi.

Bari in ɗan tsaya a nan, don in ba a gane wannan ba, ba za a gane son da mahaya ke yi ma injin ba. A kowane inji mai bugu huɗu akwai bawul, wanda makanikanmu ke ce ma supap, mai buɗewa mai ya shiga, wani kuma ya buɗe hayaƙi ya fita. A moton da ke ƙofar gidanka, wani ƙarfe mai ƙusumbi ne ke danna bawul ɗin ya buɗe, sifirin kuma ya maido shi ya rufe. In inji ya yi gudu sosai, sifirin irin na wancan zamani ya kan kasa bin sawu, bawul ya tsaya yana rawa, wani lokaci har fistin ya mare shi, inji ya tarwatse. Taglioni ya ce a bar dogaro da sifirin: ƙarfe ya buɗe, wani ƙarfen ya jawo ya rufe. Wannan shi ake kira desmo. Ba shi ya fara tunaninsa ba, Mercedes sun yi amfani da shi a motocinsu na tsere a 1954, amma Ducati ne suka riƙe shi har ya zama alamar gidansu. Aka haɗa shi da silinda biyu da ke tsaye kamar harafin L, da wani kuloci busasshe mai ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wanda bai sani ba zai ce moton ya lalace. Masu shi kuwa kuɗi suke ƙarawa su sayi murfi mai huda don ƙarar ta fito sosai.

A 1985 kamfanin Cagiva na ƴan'uwan Castiglioni ya sayi Ducati. Mu ma nan injin ya taɓa taka ƙasarmu: a gasar Paris-Dakar ta 1990, wadda ta ratsa Nijar ta Agadas, Edi Orioli ne ya zo na ɗaya a ɓangaren babura, bisa Cagiva Elefant, kuma injin Ducati ne a cikinta. Amma babban abin da Cagiva ta kawo ma Ducati mutum ne, Massimo Tamburini, ɗan garin Rimini. Asalinsa mai aikin bututu ne da na'urorin ɗumama ɗaki. A 1972 ya faɗi da wata Honda 750 a filin tsere na Misano, ya karya haƙarƙari, ya tashi ya ce laifin ƙashin moton ne, ya ƙera nasa. Daga nan kamfanin Bimota ya shiga harkar babura. Bai yi wata makarantar zane ba. Da hannu da ido yake aiki, yana hawa abin da ya ƙera da kansa.

A ƙarshen 1993, a baje kolin Milan, aka buɗe mayafi aka nuna aikinsa, Ducati 916, aka fara sayarwa a 1994. Fitilu biyu sirara a jere, kamar idon wanda ya ƙanƙance su yana hango nesa. Ƙugu siriri. Salansa biyu a ɗage ƙarƙashin wurin zama. Tayar baya kuma hannu ɗaya ne ke riƙe da ita ta gefen hagu, ta yadda in ka tsaya ta dama za ka gan ta fili kamar ba abin da ke riƙe da ita. Wasu daga cikin waɗannan dabaru Honda ta riga ta gwada su a NR750 ta 1992, amma a hannun Tamburini suka zauna daram. Injin cc 916 ne, bawul huɗu a kowace silinda, ruwa ke sanyaya shi, ƙarfin doki kimanin 114. Moton kabu-kabu mai cc 125 da wuya ya wuce 11 ko 12, sai ka auna da kanka.

Ga kyau, ga cin gasa. A gasar duniya ta Superbike, wadda ake yi da baburan da aka samo daga na kasuwa, Carl Fogarty ɗan Ingila ya ci kofi da wannan zuri'a a 1994, 1995, 1998 da 1999, Troy Corser ɗan Ostareliya a 1996, Troy Bayliss, shi ma ɗan Ostareliya, a 2001. A 1998 gidan adana kayan fasaha na Guggenheim da ke New York ya sa 916 cikin baje kolinsa na babura. Sunan ya canja daga 916 zuwa 996 zuwa 998, inji yana ƙaruwa, amma fuskar ba a taɓa ta ba har shekara tara. Kuma kowa ya san aibinta. Wurin zama a sama, hannuwa a ƙasa, duk nauyin mutum a kan wuyan hannunsa, salansa na gasa shi daga ƙasa in an shiga cunkoson gari. Masu ita suna faɗin haka suna dariya, kamar mai ba da labarin dokinsa mai cizo.

A 1996 kuɗi suka tsinke ma Cagiva, ta sayar da kaso mafi yawa na Ducati ga wani kamfanin masu zuba jari na Amurka, Texas Pacific Group. Tamburini bai bi Ducati ba, ya zauna da Castiglioni, ya je ya zana MV Agusta F4. Aikin zane a Ducati ya faɗa hannun Pierre Terblanche, ɗan Afirka ta Kudu, haifaffen 1956, wanda ya yi karatun zane a Landan, ya yi aiki a Volkswagen, ya kuma zauna ƙarƙashin Tamburini a Italiya. Ba koyo yake ba: Supermono da ya zana a farkon shekarun 1990 har yau ana yabonta. Shi aka ce ya fito da magajin 916. Ban san malamin da zai so a ba shi ajin da wani gwani ya riƙe shekara tara, yara da iyaye duk suna kukan tafiyarsa ba.

Terblanche bai kwaikwayi maigidansa ba. Ya tambayi abin da ke damun mahayi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya sauke wurin zama, ya sa ana iya matsar da shi da tankin mai gaba ko baya, matakin ƙafa ma ana iya canja masa wuri, don dogo da gajere kowa ya samu zama. Ya cire hannu ɗayan nan na tayar baya ya maido da hannu biyu, wanda ya fi sauƙin nauyi ya kuma fi ƙarfi. Salansa biyu suka zama akwati ɗaya. Aka rage tarkacen waya, aka rage yawan sassa don makanike ya isa inda yake so da wuri. Aka gwada rigar a ɗakin iska don ta yanka iska da kyau. Fitilun kuwa, maimakon biyu a jere, sai ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, ƙanana, masu zagaye, a tsakiyar hanci.

A 2002 aka nuna 999. Kafin mafi yawan mutane su gan ta ido da ido, hotuna sun riga sun zagaya, hukunci ya riga ya fita. Fitilun nan su suka fi shan suka. Aka kamanta gabanta da kan jirgin ƙasa na da. Aka ce ba ta da fuska, don ɗan Adam ya saba ganin ido biyu a jere, ko ga mutum ko ga dabba, abin da ke da ido ɗaya bisa ɗaya kuwa baƙon halitta ne. Akwatin salansa aka ce kamar kayan ɗakin girki. Rashin hannu ɗayan nan na baya aka ɗauke shi cin amana. Ƴan jaridar da suka hau ta a filin tsere suka dawo suna cewa ta fi 998 sauƙin sarrafawa, ta fi ta natsuwa a kwana, mutum ya yi tafiya bai sauko yana riƙe da ƙugu ba. Mai karatu ya karanta duka wannan, ya koma ya dubi hoton, ya rufe mujalla.

Maganar inji ita ce aka fi mantawa da ita in ana ba da wannan labari, alhali ta yi nauyi. Injin 999 sunansa Testastretta, wato mai siririn kai. An matse kusurwar da ke tsakanin bawuloli daga digiri 40 zuwa 25, ta yadda iska da mai ke shiga kusan a miƙe, ɗakin ƙuna ya tsuke, wuta ta ci sosai. Inji ne mai kyau. Sai dai ba sabo ba ne: ya fara fitowa a 996R ta 2001, kuma shi ne a cikin 998. Ke nan mai 998 da aka ce ya sayar da tasa ya sayi 999, ƙarfin doki 124 zai samu, kusan abin da ke hannunsa, cikin rigar da ba ya so. A daidai lokacin kuma Japanawa sun buɗe wuta. Suzuki GSX-R1000, Yamaha R1, sai Honda CBR1000RR da Kawasaki ZX-10R a 2004, duk masu silinda huɗu, duk sun haura ƙarfin doki 150. A Amurka kuɗin 999 ya wuce dala 17,000 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba), na Japan kuwa wajen 11,000.

Masu kare silinda biyu suna da amsarsu, kuma amsa ce ta gaskiya. Inji mai silinda huɗu sai ya yi kuka sosai yake ba da ƙarfinsa, mai biyu kuwa tun daga ƙasa yake turawa, bugunsa a rarrabe, taya tana samun damar kama kwalta a fitar kwana. Amma shekara tara ana sayen 916 da ƴaƴanta da tsada alhali akwai na Japan masu araha. Abin da ke cike giɓin nan kyau ne. Da aka cire kyan, sai mai saye ya koma ga lissafi, lissafi kuwa bai goyi bayan Ducati ba.

A filin tsere labarin dabam ne. A shekararta ta fari, 2003, Neil Hodgson ɗan Ingila ya ci kofin duniya da 999, ya lashe tsere 13, abokin aikinsa Ruben Xaus ɗan Sifen ya zo na biyu. A 2004 James Toseland ya ci kofin da ita. Masu suka suka ce ai ba abokan karawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, don manyan kamfanonin Japan sun karkata kuɗinsu zuwa MotoGP, a 2003 ma babu tseren da wani babur da ba Ducati ba ya ci. A 2005 Japanawa suka dawo da ƙarfinsu, Troy Corser ya karɓe kofin da Suzuki. Sai 2006 Troy Bayliss ya hau 999, ya kara da masu silinda huɗu da cc 1000 na kamfanoni huɗu, ya cinye. Wannan na uku ba mai iya cewa kyauta aka ba shi. Kofi uku cikin shekara huɗu.

Duk da haka a shago ba ta tafi yadda ake so ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin nan shi ne, a 2004, shekara biyu da nuna sabuwa, Ducati na ci gaba da ƙera tsohuwar 998, da sunan fitowar ƙarshe, ana ajiye su gefe da gefe a shago guda. Kamfani da kansa ya buɗe ma masu gudun sabuwa ƙofar baya. A 2005 aka yi ma 999 gyaran fuska, aka toshe wasu hudojin rigar gaba, aka ɗaga ƙarfin injin zuwa 140. Fitilun dai suna nan. A shekarar kamfanin ya tafka asara, Amurkawan suka sayar da kasonsu ga wasu masu jari na Italiya. Ba adalci ba ne a ɗora ma 999 wannan duka, don tsadar kuɗin yuro a kan dala ta cuci duk mai sayar da kayan Turai a Amurka a lokacin. Amma babur ɗin da ya kamata ya ja ayari bai ja ba.

A ƙarshen 2006 aka nuna wadda ta gaje ta, 1098, zanen wani matashin ma'aikacin kamfanin, Giandrea Fabbro. Fitilu biyu a jere suka dawo. Salansa biyu a ƙarƙashin wurin zama suka dawo. Hannu ɗaya na tayar baya ya dawo. Aka yi ta tafi, aka ce Ducati ta dawo hayyacinta. Sai dai a lura da abin da aka haɗa da fuskar: inji cc 1099, ƙarfin doki 160, farashi kuma ya sauka zuwa wajen dala 15,000. Ba wanda zai iya rarrabe maka nawa ne rabon fitila a cinikin da aka yi, nawa ne rabon doki 20 da aka ƙara da dala dubbai da aka rage. Terblanche ya bar Ducati a ƙarshen 2007. Abin dariya, Hypermotard da ya zana, wadda ta fito kasuwa a shekarar, ta samu karɓuwa sosai. Daga baya ya yi aiki da Norton a Ingila da Royal Enfield ta Indiya. Tamburini ya rasu a watan Afrilu na 2014.

Yanzu in ka bi maganganun mahaya a Turai da Amurka za ka tarar iska ta juya. Da yawa daga waɗanda suka zage ta suna cewa ta riga zamaninta ne, masu tara tsofaffin babura suna neman 999R. Fitilun nan dai su ne, ba a canja ko ƙusa ɗaya ba. Abin da ya canja shi ne an daina ajiye ta kusa da 916 a cikin ido. A ganina mahayan 2002 ba 999 suka yi ma hukunci ba, makokin 916 suke yi, kuma duk wanda aka turo a madadinta sai ya sha jifa.

Amma ba zan bi masu cewa mahayan nan jahilai ne ba. Ido ba mudu ba, ya san ƙima. Mutum ɗaya cikin nawa ne daga masu sayen irin wannan babur zai iya kai shi iyakar gudunsa? Bayliss na iya bambanta hannu ɗaya da hannu biyu a kwana, mai shagon da ya saye ta don fita ranar Lahadi ba zai taɓa ji a jikinsa ba. Abin da yake amfani da shi kullum, tun daga buɗe gareji, shi ne kallo da ƙara. Wanda ya taɓa ganin cinikin dokin hawan salla a Damagaram ya san wannan: ana duba haƙora da ƙafafu, amma launi da tsayuwar wuya suna iya ninka kuɗi, kuma mai saye bai yi wauta ba, don dokin nan ba gona zai je ba. Terblanche ya warware matsalolin da mahaya suka yi shekara tara suna kuka da su, sai ga shi ashe kukan daɗi suke yi. Inda nake ganin kuskurensa ke nan, ya ɗauki ƙorafinsu a kan ma'anarsa ta zahiri.

Na ba da wannan labari a fada, da hotuna a salula. Ina tsammanin zai raba gardama, sai kowane ɓangare ya ce shi na goya ma baya. Masu son jan moto suka ce ka ji ko, har Turawa masu kuɗi fuska suke saye. Makanike ya ce shi abin da ya ji shi ne wadda aka zaga ta ci kofi uku, kuma su Turawan nan na wasa suke saye, ba wanda cikinsu ke jiran moto ya kawo masa kuɗin cefane. Ƙanen namu bai ce komai ba sai da aka watse. Ya raka ni har ƙofar gida, ya ce, "Mushe, samari suna rububina, amma mata ba sa hawa, sun ce wurin zaman baya ya yi tudu, ba ya hawuwa da zane, kuma ba inda za a ɗaura buhu." Ya tambaye ni ko na san mai walda da zai iya yi masa kariya a baya ba tare da ya taɓa robar ba.